Yadda ake gane irin katakon da ba a san asalinsa ba

Duk wanda ya shiga sana'ar kafinta a Gadarif, Sinnar, Maiwurno ko Damazin a ƙasar Sudan, ba zai daɗe ba wani ya ajiye masa guntun katako a gabansa ya ce a yi masa ƙafar angarib, wato gadon katako da ake saƙa wa igiya, ko ƙyauren taga da shi. Wani daga tsohuwar ƙofa aka ciro shi, wani daga rufin ɗakin da ya zube, wani kuma a maglak, wato shagon kayan gini, aka saye shi da sunan da mai sayarwa ya ga dama ya laƙaba masa. Yanzu da katakon waje ya yi tsada, irin wannan ya ƙara yawa. Kafin ka ɗora zarto, sai ka san me ke hannunka, domin irin itacen ne zai gaya maka ko ƙusa za ta shige shi, ko gam zai kama shi, ko gara za ta bar shi ya kai baɗi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko: launi ba shaida ba ne. Rana tana canza shi, mai da ƙura suna canza shi, fenti da rini kuwa ba a magana. Shaidu na gaske su ne bakin yanka, wato fuskar da ke fitowa in an datse katako, da nauyi da ƙanshi, kuma sai sun haɗu a kan magana ɗaya za ka yanke hukunci.

Kayan da za ka tanada

Zarto mai ƙananan haƙora. Sabuwar reza ko wuƙar yankan kwali mai sabon baki. Fara, wato abin feƙe fuskar katako, ko takardar goge katako lamba 120 da 220 da 400. Gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10. Idan babu, kyamarar waya ta isa in ka matso da ita cikin haske. Sikelin kicin mai nuna giram, tef ɗin awo, maganaɗisu, ruwa a kofi, ɗan tina mai narka fenti ko sifirit a tsumma, khal, wato binega, da soson ƙarfe na wanke tukunya, sai ƙyallen rufe hanci.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne akwatin samfuri. Ka roƙi tsofaffin kafintoci da masassaƙa guntayen da suka tabbatar da irinsu, kowanne kamar tafin hannu, ka rubuta sunansa a jiki da biro. Kwatanta katako da katako ya fi kwatanta shi da hoto nesa ba kusa ba.

1. Tambayi tarihinsa

Kafin komai, ka tambayi daga ina ya fito da kuma aikin da yake yi a da. Wannan kaɗai yakan rage maka rabin wahala. Katako mai kauri da ramukan manyan kusoshi biyu-biyu a kusa da kowane kai, falankar titin jirgin ƙasa ce, kuma a ƙasar nan galibi bagaruwa ce, wadda ake kira sunut. Dazuzzukanta na bakin kogin Nil Shuɗi tsakanin Sinnar da Rusairis don wannan aikin aka riƙa renonsu, ana yanka a injin katako na garin Suki. Doguwar falanki mai faɗi da kauri daidai wa daida tun daga kai har ƙarshe, da hatimi a bakinta, ta jirgin ruwa ta shigo ta Bur Sudan, ka fara zargin muski ko zan, katakan da ake kawowa daga waje. Tsohon allon makaranta, aduwa ce ko gawo. Turmi da taɓarya da ƙafar tsohon angarib, itacen gida ne mai nauyi.

A wannan lokaci da aka fasa gidajen mutane da yawa aka kwashe musu kaya, tambayar tana da wani amfani na biyu. Ƙyaure mai kyau da aka kawo maka a farashin banza kuma mai shi ya kasa faɗin inda ya samo, ka bar shi.

2. Tabbatar da cewa itace ne zalla, kuma babu ƙarfe a ciki

Dubi gefen katakon da bakinsa. Idan ka ga shimfiɗa-shimfiɗa sirara an manna su, ablakash ne. Idan ciki gari ne da aka matse babu zare, katakon inji ne da aka lulluɓe da fatar itace mai tsada. A itacen gaske, zanen da ke fuska yakan zagayo ya haɗu da na baki, ba ya yankewa a kan kusurwa.

Sai ka bi jikinsa da maganaɗisu a hankali. Karyayyiyar ƙusa ɗaya da ta ɓuya ta isa ta ɓata bakin fara, a inji kuwa tana iya tashi ta ji wa mutum ciwo.

3. Buɗe sabuwar fuska

Goga tsumma mai tina a wani lungu. Idan launi ya biyo tsumman, an rina shi. Daga nan ka feƙe wuri mai faɗin yatsu huɗu har ka wuce datti da abin da rana ta ƙona, kamar milimita 1 zuwa 2. Idan tsohon fenti ne a kai, ka kankare shi a jiƙe, ka rufe hanci, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma.

Abin da za ka duba a nan shi ne bambanci tsakanin zuciyar itace da farin gefe. Bagaruwa tana da zuciya ja mai duhu da farin gefe da ya fita sarai. Abanus zuciyarsa baƙa ce wuluk, wani lokaci da ɗan shunayya, farin gefensa siriri mai ruwan ɗorawa, iyakarsu kamar an ja layi. Tsamiya kusan duk farin gefe ce, zuciyar 'yar kaɗan ce a tsakiya mai duhu, marke ma haka. Aduwa da gawo kuwa fari-fari ne ko ruwan ɗorawa tun daga waje har ciki. Ka lura da wannan sosai, domin a kusan kowane iri farin gefe ne abincin ƙwaro, ko da zuciyar ba ta ciwuwa.

Shafa ɗan ruwa a rabin wurin da ka feƙe. Launin da ka gani a jiƙe shi ne kusan launin da zai bayar in an shafa masa banish.

4. Karanta bakin yanka

Wannan shi ne babban mataki, kuma shi ne sabon shiga ya fi yi wa gaggawa. Yanke santimita 1 zuwa 2 daga kan katakon don ka wuce wurin da ya tsattsage. Sai ka ɗauki reza ka yanki wuri ƙarami, bai fi farcen babban yatsa ba, a yanka ɗaya mai santsi, bakin rezar yana tafiya a karkace kuma yana nisa da hannunka. Idan itacen ya fi ƙarfin reza, kamar bagaruwa ko marke, ka jiƙa wurin minti biyu, ko ka goge da takarda daga 120 zuwa 400 sannan ka hure ƙurar. Reza dakusasshiya tana murƙushe ramukan ta toshe su, sai ka ɗauka babu su. Taɓa wurin da jiƙaƙƙen yatsa, ka kai gilashin kusa da idonka, ka matso da katakon har ya fito tar.

Tambaya ta farko: akwai 'yan ramuka ko babu? Waɗannan ramuka su ne bututun da ruwa ke bi lokacin da itacen yake raye.

Idan babu ramuka, sai zobba masu haske da duhu suna bin juna, to dangin muski ne na ƙasashen sanyi irin su Suwidin, Finlan da Rasha. Iri biyu ne suka fi zuwa. Mai ja-ja yana da manyan idanu, wato gurbin rassa, masu launin ƙasa, zobbansa sun fito sosai, kuma yana tsatso da ƙaro in ya sha rana. Farin bai kai shi nauyi ba, idanunsa ƙanana ne masu tauri, ƙanshinsa kaɗan.

Idan babu zobba kwata-kwata, sai ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu tauri a warwatse cikin nama mai laushi, dangin dabino ne, giginya ce ko goruba. Azara kenan. Ƙarfinta yana wajen gefe inda ɗigon ya yi cunkoso, tsakiyar ba ta da amfani. Ta dace da rufi, amma ba ta feƙuwa da kyau kuma sartsenta yana da zafi.

Idan akwai ramuka, ka dubi yadda suka jeru.

Tik, wanda ake kawowa daga gandayen Sudan ta Kudu wajen Yei da Maridi, yana da jerin manyan ramuka a farkon kowane zobe, sannan su riƙa ƙanƙancewa har zuwa zobe na gaba. A cikin itatuwan da ke yawo a kasuwanninmu kaɗan ne ke da wannan tsari.

Zan yana da ramuka ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, amma yana da layuka masu kauri da suka taso daga tsakiyar itacen zuwa waje. Juya fuskarsa, za ka ga 'yan gajerun zane masu duhu birjik, kowanne milimita 2 zuwa 4, kamar an watsa riɗi. In ka ga wannan a katako fari ko mai ɗan ruwan hoda, magana ta ƙare.

Maɗaci, wanda kasuwa ke kira mahogani, ramukansa matsakaita ne, ana ganinsu da ido, a warwatse daidai, da yawansu cike da baƙin ƙaro. A fuska zarensa yana sarƙewa, wani layi ya kwanta gaba wani baya, shi ya sa yake ba da ratsi mai sheƙi in an juya shi a haske, shi ya sa kuma fara ke tsinke shi.

Bagaruwa ramukanta suna da ɗan farin da'ira kewaye da kowanne, naman tsakaninsu kuma a matse yake yana ƙyalli bayan reza. Tsamiya ma tana da farin kewaye, amma nata yakan miƙe hagu da dama ya yi siffar ido. Gawo yana nuna fararen layuka masu faɗi suna bin zagayen itacen ɗaya bayan ɗaya. Aduwa tana da layukan tsakiya masu faɗi da ake gani ba gilashi, ramukanta ƙanana a dunƙule. Turare, wanda ake kira ban ko kafur, ramukansa ɗai-ɗai ne suna jeruwa a karkace, kuma sau da yawa za ka tarar da jijiyar jan ƙaro da tsaga a jikinsa.

Kada ka tsaya a wuri ɗaya. Kusa da ido ko mararrabar reshe tsarin yakan rikice, sai ka sake yanka a wani gefe.

5. Auna nauyi

Ɗaga katako a hannu ka ce yana da nauyi ba awo ba ne. Yanki guntu mai kusurwa huɗu daidai, babu ido babu rami. Auna tsawo, faɗi da kauri a santimita, ka ninka su. Auna nauyinsa a giram, ka raba da abin da ka samu. Misali guntu mai 20 da 5 da 2.5 ya ba da 250. Idan sikeli ya nuna giram 200, ka raba 200 da 250, ka sami 0.8.

Ga inda busassun katakai suka fi faɗawa. Farin muski 0.4 zuwa 0.45, jan muski wajen 0.5. Alilliba, wadda ake kira gimbil, wajen 0.5, mai sauƙin aiki ce mai launin ƙasa-ƙasa. Gawo wajen 0.6. Tik wajen 0.65. Zan wajen 0.7. Darbejiya, maɗaci da aduwa tsakanin 0.7 da 0.8. Bagaruwa, turare, zuciyar tsamiya da marke daga 0.8 zuwa sama, wasu har su kusa 1. Abanus ya haura 1.2, yana nutsewa a ruwa nan take.

Idan babu sikeli, fere sanda mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa, tsawon santimita 30. Sami gorar roba mai tsawo ko guntun bututu da aka toshe ƙasansa, cika da ruwa, ka saka sandar a tsaye a hankali. Da ta tsaya, cire ta da sauri ka auna inda ruwa ya jiƙa. Idan santimita 24 suka nutse, ka raba 24 da 30, ka sami 0.8 ɗin nan. Kada ka bar ta ta daɗe, za ta sha ruwa ta ƙara nutsewa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne auna ɗanyen katako. Ɗanyen gawo yana iya kai nauyin busasshen maɗaci. Don ka tabbatar, auna guntun yau, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke wucewa, ka sake aunawa bayan mako ɗaya. Muddin nauyin yana raguwa, bai bushe ba. Ka kuma sani cewa a tsakiyar rani katako yakan ɗan fi sauƙi bisa lokacin damina, don haka bambancin 0.05 ba abin kafa hujja ba ne.

6. Shinshina

Ƙanshi yana fita ne daga sabon yanka kawai. Feƙe ɗan ɓawo, ka hura masa numfashi mai ɗumi, ka kai hanci nan da nan. Muski yana ƙanshin ƙaro. Tik yana warin tsohuwar fata, kuma yana da maiƙo a yatsa. Ɗiga masa ruwa, sai ya tsaya a dunƙule bai shiga ba. Darbejiya tana da wani wari mai ɗaci da duk wanda ya taɓa sare reshenta ya sani. Zan kusan babu komai. Talha kuwa a hayaƙi ake gane ta: kunna wa ɗan ɓawon ashana ka kashe, ƙanshin dukhan, hayaƙin da mata ke turara jiki da shi, zai fito. Itacen hayaƙi da gawayi ne, ƙwaro yana cinsa da wuri, kada ka yi kayan ɗaki da shi.

Idan ka ji warin kwalta ko na magani, katakon an jiƙa shi da maganin gara. Kada ka ɗanɗana kowane katako da harshe don neman ɗaci, kada kuma ka yi akushi, muciya, allon yanka nama ko gadon jariri da irin wannan. Haka katakon da ake ɗora kaya a kai a tashar jirgi: dubi hatiminsa. HT yana nufin da zafi aka kashe ƙwarin, an kai cikinsa digiri 56 na minti 30. MB yana nufin da iskar guba aka yi, wannan ka nisanta shi da abinci da wuta.

7. Gwajin khal da ƙarfe

Saka ɗan soson ƙarfe a rabin kofin khal, ka rufe sako-sako don iska ta riƙa fita, ka bar shi kwana biyu zuwa uku. Ɗiga ɗigo ɗaya a sabuwar fuska. Itacen da ke da sinadarin jima da yawa zai koma baƙi mai shuɗi-shuɗi cikin 'yan mintoci. Zuciyar bagaruwa tana yin haka, ba mamaki tunda da 'ya'yanta majema ke jima fata, jan turare ma haka. Muski kuwa sai ɗan toka-toka a hankali. Wannan gwaji yana kuma gaya maka cewa ƙusar baƙin ƙarfe za ta zana baƙin tabo a katakon in ruwa ya taɓa shi, sai ka nemi mai rufin tutiya ko ta tagulla.

8. Gwada shi da kayan aiki

A guntun da ka yanke, buga ƙusa inci biyu santimita 2 daga baki. Muski, alilliba da gawo za su karɓa. Bagaruwa, marke da tsamiya za su lanƙwasa ƙusar ko su tsage, dole a huda musu tukuna da bakin mahuji da ya ɗan fi ƙusar siranta. Tura fara gaba, ka juya ka tura baya. Idan ta tsinke ta kowane gefe, zaren a sarƙe yake: ka wasa bakin, ka rage cinsa, ka gama da takarda. Idan bakin fara ya dakushe da wuri a katakon da bai kai bagaruwa tauri ba, ƙarin shaida ce ta tik, domin yana da yashi a jikinsa. Shi tik sai an goge wurin haɗi da tina kafin a sa gam, in ba haka ba maiƙon zai hana shi kamawa.

9. Raba waɗanda suka yi kama

A nan ake asarar kuɗi. Darbejiya da maɗaci dangi ɗaya ne, shi ya sa rinanniyar darbejiya take wucewa a matsayin mahogani. Darbejiya baƙuwa ce, daga Indiya aka kawo ta a farkon ƙarni na 20 aka dasa a tituna don inuwa, gangar jikinta gajera ce. Saboda haka falankinta galibi gajere ne, mara faɗi, da idanu da farin gefe mai yawa. Maɗaci yana ba da dogo mai faɗi mai tsabta. Ka haɗa wannan da wari da gwajin tina. Darbejiya ba mugun katako ba ce, zuciyarta tana jure ƙwaro, tana yin kujera da ƙofa mai kyau. Farashinta ne bai kamata ya zama na maɗaci ba.

Jan turare da bagaruwa sukan rikita mutum a launi da nauyi, kuma duka biyun suna baƙi da khal. Bakin yanka ne zai raba su, sai kuma hali: turare yana murɗewa yana tsagewa in yana bushewa, don haka ya fi dacewa da ginshiƙi da rufi bisa ƙyaure.

Aduwa da gawo duka farare ne. Sikeli zai raba su nan take, aduwa ta fi nauyi da santsi. Gawo kuma yakan nuna shuɗin tabo na danshi da 'yan hujin ƙwaro.

10. Duba lafiyarsa, sannan ka yanke hukunci

Ko ka gane irin, sai ka duba ko yana da sauran amfani. Ɗora shi a kan baƙar leda ka ƙwanƙwasa. Idan gari mai laushi ya zubo daga 'yan huji, ƙwaron yana ciki da rai. Yanke ɓangaren ka ƙona, sauran ka naɗe a baƙar leda ka shanya a ranar bazara kwana uku zuwa huɗu kana juyawa, idan kaurinsa bai wuce santimita 5 ba, amma ka san zafin yana iya tsaga shi. Kada ka jingina shi da sauran katakonka kafin nan. Soka tsinin wuƙa ka ɗaga zare: lafiyayye zai tashi da dogon sartse, ruɓaɓɓe zai gutsure gajere.

Rubuta abin da kowane gwaji ya nuna a takarda, ka ɗora guntunka kusa da samfurin da kake zargi, baki da baki, ka duba su da gilashi ɗaya a haske ɗaya. Idan bakin yanka, nauyi da ƙanshi sun yarda, ka rubuta sunan a jikin katakon. Idan biyu sun yarda ɗaya ya saɓa, ka kai wa tsohon masassaƙi ko ma'aikacin ofishin gandun daji na garinku, ka tafi da guntun da ke da ɓawo ko farin gefe in akwai, domin da ɓawo suka fi saurin ganewa.

Idan kuma sunan ya ƙi fitowa, ka yi aiki da abin da ka auna. Mai nauyin 0.8 zuwa sama da zuciya mai duhu ya isa ƙafar angarib, dokin ƙofa da ƙotar kayan aiki. Mai 0.55 zuwa 0.75 da zare miƙaƙƙe ya yi ƙyaure, tebur da kabad. Abin da bai kai 0.5 ba ka bar shi a cikin ɗaki, nesa da ƙasa da danshi, ka shafa masa maganin gara kafin haɗawa. Ka gaya wa mai aikin gaskiyar abin da ka gano, ka yi masa farashi a kan haka, sannan ka yanki guntu ɗaya ka jefa a akwatin samfuri da lambarsa da nauyinsa da inda ya fito.